Akun da Bai Gama Magana Ba

Yayana mai aski ne. Na fara da wannan ne don kada in ce muku alƙali ne ku ɗauka irin mai baƙar riga da ake buɗe wa ƙofar mota. Shagonsa kujera ɗaya ce mai juyawa, da madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin da masu jira ke zama suna gardamar ƙwallo. Shagon ɗinkina yana manne da nasa, bango ɗaya ya raba mu, in ya kunna injin aski har a haƙorana nake jin kukansa. A titinmu ba wanda ya taɓa neman ra'ayinsa a kan abin da ya wuce "a rage ko a kwashe duka". Amma da zarar ya toshe kunnuwansa da abin sauraro ya shiga Tsibiri, jama'a miƙewa suke yi tsaye.

Tsibiri gari ne da ke cikin waya. Kamfanin da ya ƙirƙire shi ƙasa kawai ya bayar, da teku, da rana mai fitowa da faɗuwa, ya ce ga fili nan, ku yi yadda kuka ga dama, kada dai ku kira mu rabon faɗa. Kowa yana shiga da jikin da ya zaɓa da sunan da ya raɗa wa kansa, ya sari itace, ya ɗebo dutse, ya gina gida. Da farko abin ba kyan gani. Sai ka kwana ka tashi ka tarar wani ya gina katanga a ƙofar ɗakinka, don kawai ya ji daɗi. Da tura ta kai bango mutanen garin suka zauna suka kafa majalisa, suka tsara dokokinsu, suka gina kotu a bakin teku. Da aka zo neman alƙali aka ce a samo wanda ya iya saurare bakinsa a rufe. To wa ya kai mai aski?

Autarmu ce ta ja mu ciki, ni da shi. A can sunanta Tsattsewa, kuma sunan ya bi ta, don ba ta zama wuri ɗaya. Ni kuwa da na yini ina taka keke, in na shiga can ba na son ganin ko allura. Kamun kifi nake yi a kan wani dutse, ba ruwana da kowa.

Babbar dokar Tsibiri, wadda aka sassaƙa a saman ƙofar kotu, ita ce: na waje a waje, na ciki a ciki. A can ba ka da ikon faɗin ko kai wane ne a duniya, ko tambayar wani. In kuma ka fito, ba ka tayar da maganar can da wanda kuka haɗu a can. Ba don ƙeta aka yi ta ba. An yi ta ne don mai kuɗi da mai shara su zauna a benci ɗaya, don kada wanda ya sha kaye a kotu ya je ya tare abokin shari'arsa a bakin titi. Auta ta fi kowa son wannan doka, musamman da ciwo ya kwantar da ita. A gida duk wanda ya shigo sai ya karkatar da kai ya sassauta murya ya ce mata sannu. A Tsibiri kuwa gudu take yi, ta haye rufin mutane, ana zaginta ana dariya.

A watannin nan na kwanciya ta gina gidanta na can. Ɗan ƙarami ne mai shuɗiyar ƙofa, da matakala a karkace, da fitila rataye a bakin shiga. Kowane gida a Tsibiri yana da irin fitilar nan, kuma mai gida ne kaɗai hannunsa ke iya kunna ta. Gidan da fitilarsa ta daɗe a mace, daji ne ke cinye shi a ba wani filin.

Rannan muna zaune a bakin gadonta ni da Yaya, ta kama hannun rigarsa.

"Yaya, ka yi min alkawari. Kada kowa a Tsibiri ya san ina ciwo. Ko me ya faru, kada su sani. Ke ma Anti, na san bakinki."

"Bakina me ya yi?" na ce.

"Ba ya da marfi."

Muka yi dariya, muka yi alkawari. Abin da ba mu sani ba, ta ɗauki wani alkawarin daga bakin mijinta. Mijin nata direban bas ne, dogo, mai sanyin hali, irin mutumin da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Bai taɓa shiga Tsibiri ba. Ta miƙa masa wayarta ta ce, "Kada ka bar fitilata ta mutu."

Bayan rasuwarta ya shiga da jikinta ya kunna fitilar, don ya cika alkawari. A nan ya tarar da abin da shi kaɗai ya sani har sai da aski ya zo gaban goshi. A ɗakin ciki, wanda ba mai iya buɗewa sai mai gida, akwai aku. Akun Tsibiri abin wasa ne, yawanci ashar ake koya masa don a tsokani baƙi. Duk abin da mai shi ya faɗa a gabansa sai ya haɗiye, da muryar da komai, amma ba ya amayarwa sai kaɗan-kaɗan. In an kunna fitila ya ba da guntun magana ɗaya, wadda ya ga dama, shi ke nan sai gobe. Ita kuwa Auta duk tsawon jinyar nan, lokacin da muke zaton barci take yi, ashe hira take yi wa tsuntsun nan. Direba ya buɗe ƙofa sai ya ji matarsa tana cewa, "Ka ci abinci kuwa, ko sai na yi faɗa?"

Tun daga ranar, kullum in ya ajiye bas a tasha lokacin hutu, sai ya zauna a kujerarsa ya shiga. Wata rana ta yi masa waƙa da muryar nan tata da ba ta taɓa hawa daidai ba. Wata rana ta yi ƙorafin allurar asibiti. Wata rana tari kawai zai ji da dariya. Bai san yawan abin da ke cikin tsuntsun ba, ya dai san bai taɓa maimaita magana ba tukuna.

Ni da Yaya mun ga fitilar tana ci, kuma ba ma buƙatar boka ya gaya mana hannun wa ke kunna ta. Na leƙa shagonsa wani lokaci da ba kowa, yana kaɗe gashi daga tawul.

"Yaya, ka ga fitilar gidan Auta?"

"Ba a nan ba," ya ce, bai ko ɗago ba.

Da yamma na same shi a Tsibiri, yana tsaye a barandar kotu da rigar alƙalancinsa har ƙasa. Na matsa kusa na ce, "Mijin Auta ne fa ke…"

"Ba a nan ba."

Na ce to a ina? A waje maganar ta ciki ce, a ciki maganar ta waje ce, sai dai ko mu hau kan katanga mu yi ta. Bai yi dariya ba. Abin da ya sa hankalina ya tashi shi ne na san ɗaya dokar, kuma shi ya tsara ta da hannunsa: duk wanda ya shiga jikin wani, a kori jikin daga Tsibiri har abada, gidansa ya koma ƙasa. An yi ta ne lokacin da ɓarayi ke sace jikin mutane suna yaudarar abokansu. Ba ta san aro ba, ba ta san gado ba, don ba wanda ya tuna da mutuwa ranar da ake rubuta ta.

Tafiyar Direba ce ta tona masa asiri. Tsattsewar da aka sani tana tsalle daga rufi zuwa rufi, sai ga ta tana bin gefen hanya a hankali. In ta zo mararraba sai ta tsaya cak, ta duba dama, ta duba hagu, ta sake duba dama, sannan ta tsallaka. A garin da ko jaki ba ya gudu! In an gaishe ta ba ta amsawa, sai dai ta ɗaga hannu kamar mai ba wata mota hanya.

Maƙwabciyarta ta can, wata mai suna Kurciya, ita ta kai ƙara. Na so in tsane ta amma na kasa, don kuka take yi a gaban magatakarda. Cewa take yi wani ɓarawo ya sace jikin ƙawarta, ita kuwa ƙawar tana can waje ta rasa hanyar shigowa, a taimaka a ƙwato mata. Saboda ƙauna ta yi.

Kuna iya cewa me ya hana Yaya ya ce shi ba zai saurari wannan shari'a ba. Nima na faɗa masa, ta jikin bango, da ƙarfi, ina sane da cewa yana ji. Amma alƙalin da zai janye sai ya faɗi dalili a gaban majalisa, dalilinsa kuwa shi ne mai jikin ƙanwarsa ce ciki ɗaya, kuma ta rasu. Ga doka ta hana, ga alkawari ya hana. Da na dame shi, sai ya leƙo ƙofata, almakashi a hannu, ya ba ni jimla biyu tak.

"Bar min. Na san abin da nake yi."

Na ɗauka ya samo wata kafa a cikin doka, don ya iya wannan. Ya taɓa ceton jakin wani mai laifi daga rusau, ya kafa hujjar cewa dabba ba ta da laifi, a fitar da ita a ba wani ya riƙe da duk abin da ke tare da ita. Majalisa ta mayar da wannan doka, shi kuwa ya yi wata guda yana tafiya kamar wanda ya ci kofi. Na ce wanda ya ceci jaki ai ba zai kasa ceton gidan ƙanwarsa ba.

Ashe abin da yake yi daban ne. Kullum in ya rufe shago sai ya shiga Tsibiri ya tsaya gaban gidan Auta yana auna shi da ido, tsawon ƙofa, karkatar matakala, launin kowane dutse. Ya riga ya tara itace da duwatsu a wani fili a bayan gari. Dabararsa ita ce ya bar doka ta yi aikinta, kowa ya ga alƙali ba ya son kai, sirrin Auta ya zauna a rufe. Daga baya sai Direba ya shigo da jikinsa na kansa ya tarar da gida sak irin wancan yana jiransa. A ganin Yaya, gida ai dutse ne da itace.

Ranar shari'a da safe Direba ya zo aski, kamar yadda ya saba kowane mako. Ina daga ƙofata ina kallonsu ta madubi. Yaya ya yafa masa ƙyalle ya ɗaure a wuya.

"Kamar kullum?"

"Kamar kullum, Yaya."

"Ya hanya?"

"Da godiya. Sai dai ramin nan na gaban gada ya ƙara faɗi."

"Ai ba za su gyara ba."

Wallahi abin da suka tattauna ke nan. Mutum biyu, ɗaya ya san da azahar zai yanke wa ɗayan hukunci, ɗayan ya san wanda ke riƙe da kansa shi ne alƙalin, suna maganar rami. Na ga Direba ya buɗe baki sau ɗaya, ya kalli Yaya ta madubi, Yaya ya karkatar masa da kai gefe da yatsa biyu ya sa inji a bayan kunnensa. Shi kuwa ya san dokar nan daga bakin matarsa, ya san yadda take ji da ita, sai ya haɗiye. Da aka gama Yaya ya kaɗe masa wuya da buroshi a hankali, ya daɗe yana kaɗewa, har bayan gashin ya ƙare.

Da azahar na tura keken ɗinki gefe na shiga. Kotu ta cika maƙil, har a kan tagogi. Yaya yana can sama a kujerarsa, ƙararrawa a hagunsa, guduma a damansa. Gudumar nan ba ta ado ba ce. Tun da wani tsohon alƙali ya yanke hukunci aka bi shi aka lallashe shi ya warware, majalisa ta ɗaure ta da na'urar garin. Tana sauka, hukunci ya auku, ba ɗaukaka ƙara, ba a dawo gobe.

Kurciya ta yi bayaninta, ta kwaikwayi duba dama da hagu, wasu suka yi dariya. Aka kira Tsattsewa. Ta taso a hankali ta tsaya a tsakiyar fili, da ɗan kwalinta ja da Auta ta zaɓa.

"Wanda ke cikin wannan jiki," in ji Yaya, da wata murya da ban san shi da ita a shago ba, "kai ne mai shi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

Muryar namiji ta fito daga bakin Tsattsewa, a bayanta ana jin hon ɗin motocin tasha. Kotu ta kaure. Kurciya ta ce, "Kun ji ko! Ina ka kai ta? Ina ƙawata?"

"Ranka ya daɗe," Direba ya ce, "matata ce. Ita ta ce in riƙa… kafin ta…"

Ƙararrawa ta katse shi.

"Maganar waje ce. Kotu ba ta ji ba, a share."

Na san dalilin da ya sa hannun Yaya ya yi saurin nan. Kalma ɗaya ta rage a bakin Direba, kuma ita ce kalmar da Auta ta roƙa kada a faɗa a Tsibiri. Amma ni a lokacin alkawari ya fita daga kaina. Na miƙe na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah! Ka bar shi ya…" Ɗan sandan kotu ya danna abin da suke dannawa, bakina ya mutu. Ina ta ihu a cikin shagona, a can kuwa jikina yana tsaye yana wangale baki kamar kifin da nake kamawa.

Yaya ya jira aka yi tsit. Sannan ya sunkuyo, ya sassauta murya, ya yi tambayar da doka ta ce a yi wa kowa kafin guduma.

"Kana da wata magana ta ciki? Akwai wani abu na Tsibiri da kake so kotu ta sani?"

Na ji numfashin Direba, na ji wani yaron mota yana kiran fasinja daga nesa.

"Babu, ranka ya daɗe."

Na yar da wayar a kan yadin mutane na fita a guje ba takalmi. Ƙofar shagon Yaya a kulle, ya juya allon nan da ke cewa an fita. Ta gilashi na gan shi zaune a kujerar aski, ya ba madubi baya, waya a hannu, gumi yana bin wuyansa. Na buga gilashin da tafin hannu biyu. Ya ɗago ya kalle ni, ya ɗaga min hannu alamar in kwantar da hankalina, har da ɗan gyaɗa kai, wai shi mai dabara. Sannan ya sa babban yatsa ya danna, guduma ta sauka.

Waɗanda ke can sun ce ba a ji ko ƙara ba. Tsattsewa ta ɓace daga tsakiyar kotu, gidan mai shuɗiyar ƙofa ya nutse, ciyawa ta rufe wurin.

Mako ya zagayo, Direba ya zo aski. Na ɗauka ba zai zo ba, amma irinsu ba sa fashi. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Yaya ya yafa masa ƙyalle, ya ɗauki inji ya aske masa rabin kai, sai ya ajiye. Ina tsaye gefe a cikin shagon ina kallonsu. Mutumin da bai taɓa karya dokar Tsibiri ba ko a mafarki ya kalli madubi ya karya ta da rana tsaka.

"Na gina maka wani," ya ce. "Sak irinsa, har karkatar matakalar. Ka buɗe naka jikin ka shigo, yau ɗin nan zan damƙa maka. Ba abin da ka rasa, ƙanena."

Direba ya ɗan yi murmushi. "Na gode, Yaya. Da akun?"

"Wane aku?"

A nan muka ji. Ya faɗa mana a hankali, kansa a ƙasa, ƙyallen aski a wuyansa: ɗakin ciki, da tsuntsun, da waƙar, da tarin. Na zauna a kan bencin masu jira. Yaya ya dafa bayan kujera.

"Aku?" ya ce. "Aku ai dabba ce! Dabba ta ciki ce! Na tambaye ka, ban tambaye ka ba? Na ce akwai wani abu na Tsibiri? Da ka ce aku, kalma ɗaya, da na fitar da shi na ba ka da duk abin da ke cikinsa. Doka ta yarda, ni na kafa ta! Me ya sa ka ce babu?"

"Ka ce kada in yi maganar matata," in ji Direba. "Ni ban ɗauke shi aku ba, Yaya. Ita ce."

Wani ya turo ƙofa da ɗansa a hannu, ya ga fuskokinmu, ya ja ƙofar ya koma.

Yaya ya nemi kamfanin, ya roƙe su kamar mai roƙon rai. Suka amsa masa cikin ladabi cewa tun farko mutanen Tsibiri ne suka nemi kada kamfani ya sa hannu a shari'arsu, kuma abin da gudumarsu ta share ba ya dawowa. Ya kai maganar majalisa, ba tare da ya ambaci suna ba, aka yi ta muhawara, aka ƙara doka a kan jikin wanda ya daɗe bai shigo ba da wanda ya bar wa amana. Doka ce mai kyau, an ce ta ceci gidaje da yawa. Ranar da aka amince da ita ya tuɓe rigar alƙalanci ya ajiye a kan kujera. Kurciya har yau tana dasa furanni a filin, tana jiran ƙawarta ta samo hanyar dawowa, mu kuwa mun riƙe alkawari ba mu gaya mata ba.

Amma ba wannan ne ke hana Yaya sukuni ba. A ranar nan ta aski, da Direba ya tashi zai tafi, kansa rabi a aske don ba wanda ya tuna a ƙarasa, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Da ma ina so in gaya maka tun ranar shari'a da safe. Ana gobe shari'a, maganarka ta yi."

Yaya ya juyo.

"Cewa ta yi, 'Ka san abin da Yaya ya yi min ranar da…' Sai tsuntsun ya tsaya. Haka yake yi wani lokaci, ya kawo rabi yau, rabin ya biyo baya. Na ce gobe in na kunna fitila na ji ƙarshen."

"Da wace murya ta faɗa? Tana dariya ne, ko kuwa…"

"Ban iya ganewa ba, Yaya. Ta gaji sosai a ranar."

Ina jin haushin yayana har gobe, ba zan ɓoye ba. Amma tausayinsa ya fi haushin yawa, don ni nake jin abin da ke faruwa a bayan bangon nan. Wani lokaci yana tsakiyar aski sai in ji injin ya yi shiru. In na ji haka na san abin da ke tafe, sai in ɗage ƙafa daga kan keke in jira. Can sai ya leƙo ƙofata, buroshi a hannu, wanda ake wa askin yana can zaune da rabin kai.

"Ke kin tuna ranar da na goya ta zuwa makaranta cikin ruwan sama? Ko ita take nufi?"

"Wataƙila ita ce, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya juya, ya sake juyowa.

"Ko kuwa ranar da na mare ta a kan keken nan nawa?"

Yakan ɗan tsaya yana kallon bakina, sannan ya koma, in ji injin ya tashi.